Shagon da ya ƙi sayar mini da faifai sai na kawo murfin saruk

Shekara goma sha tara ke nan ina harisi, wato mai gadi, a wata imara, wato gidan bene na haya, mai hawa huɗu a kudancin Jidda. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka iyakarsa tsaron ƙofa da wanke motoci da jiran motar ruwa. Rabinsa gyare-gyare ne, kuma a garin nan yawancin gyara faɗa ne da tsatsa. Iskar teku da danshin Jidda ba sa raga wa ƙarfe. Kejin da ake ɗora mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kai, ƙafafun tankin ruwa na saman bene, ƙarfen taga, ƙofar gareji, duk wanda fenti bai rufe shi da kyau ba, bayan 'yan shekaru za ka tarar yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Dole a yanke ruɓaɓɓen kafin mai walda ya zo ya jona sabo, kuma mai imara ba zai biya mai walda kuɗin yanka ba alhali ga harisi.

Injin nan na hannu mai juya faifai, wanda masu walda a gida ke kira giranda, a nan sunansa saruk, wato roka. Wata tara da suka wuce na ari ɗaya wajen wani abokina don in sare tsohon ƙarfen da tanki ke zaune a kai. Ba murfi a kan faifan, ba mariƙin gefe. Haka na gan shi haka na karɓa, don haka na saba ganinsa a hannun mutane. Na biya kasuwar gwanjo na sayi faifan yanka guda goma a riyal goma wajen wani mai baza kaya a ƙasa. Na farko da na biyu suka cinye kafin in gama ƙafa ɗaya. Ina cikin yanka ƙafa ta biyu da na ukun, nauyin ƙarfen da ke sama ya sauko ya matse bakin yankan, faifan ya maƙale, injin ya yi tsalle a hannuna, sai na ji tas. Guntu ɗaya ya tsaga mini sangalin hannu, ɗinki biyar. Ɗayan ya tafi ya nutse a ƙofar katako ta bakin matakala. Yaron wani ɗan haya, ɗan shekara tara, ya biyo ni sama yana kallo, yana tsaye bai kai taku biyu da ƙofar ba, kuma inda guntun ya shiga daidai tsayin fuskarsa ne. Har yau ban cire shi daga ƙofar ba. Duk sanda na hau duba ruwa sai na kalle shi.

Maƙwabcina mai tsire, wanda 'yan Hijaz ke yi wa layi suna cewa a ba su sire, shi ya ce in daina sayen kayan aiki a ƙasa in je shagon Ammu. Shagon yana kan tsohuwar hanyar Makka, wajen Kilo 7, cikin jerin masu kayan gini. Ban rubuta sunan da ke jikin allonsa ba saboda dattijon ba ya son a riƙa yawo da sunansa a waya, amma mutanenmu na wajen duk sun san shi. Ɗan tsukukun wuri ne mai ƙofa ɗaya, kantoci har rufi, da warin mai da roba. Mai shi ɗan Hadramaut ta Yaman ne, a ganina ya haura saba'in, kowa Ammu yake ce masa, wato kawu da Larabci. Yaron da ke taimaka masa Bahaushe ne ɗan Gadarif ta Sudan, Hausarsa cakuɗe da Larabci, amma ba abin da za ka faɗa bai gane ba. Shi ya fara ganin bandejin hannuna.

"Baba, sannu. Saruk ne?" Ban ma buɗe baki ba tukuna.

Na ajiye injin aron a kan kanta na ce a ba ni faifai masu kyau guda goma. Ammu ya ɗauka ya jujjuya shi, ya tambaya ina murfin. Na ce haka aka ba ni. Ya turo mini shi, ya ce ba zai sayar da faifan da za a ɗaura wa wannan ba, in je in kawo murfin ko in nemi wani injin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da kuɗina a hannu, ga aiki na jirana, ga mai imara na kira. Na ce wa yaron ya gaya masa abin da ya same ni tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ammu ya amsa da hadisin nan na mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah, ya mayar da kansa kan lissafinsa. Yaron ya ce, "Baba, yi haƙuri, zauna ka sha shayi in nuna maka wani abu. Akwai ragowar waɗanda ka saya?" Akwai, guda bakwai a leda.

Ya jera nawa kusa da nasu a kan kanta. Ashe faifan yanka yashi ne mai kaifi da aka haɗe da wani irin ƙaro, aka sa masa raga ta zaren gilashi don ta riƙe shi. Ƙaron nan yana tsufa, zafi da danshi kuma suna gaggauta tsufan. Shi ya sa masu yin faifai na ƙwarai ke buga lokacin ƙarewar amfaninsa a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya, galibi shekara 3 daga sanda aka yi shi. A nasu ga shi nan ɓaro-ɓaro, harafin V da wata da shekara. A nawa zoben fayau yake, ba sunan kamfani, takardar jikinsu ta kumbura alamar sun jiƙe sun bushe, biyu ma sun ɗan karkace, in ka kwantar da su sai su riƙa rawa. Ya nuna mini lambar EN 12413 da tambarin oSa a jikin nasu, alamun cewa faifan ya cika ƙa'idar inganci, ya ce in riƙa duba su ko a wani shago na je.

Sai lambobin gudu, waɗanda shekara da shekaru nake gani ban taɓa karantawa ba. Faifai mai faɗin milimita 115, wato inci huɗu da rabi, an rubuta masa iyakar juyi 13,300 a minti. Ƙaramin saruk yana juyi wajen 11,000 a minti, ke nan faifan ya fi ƙarfin injin, kuma haka ake so kullum, lambar faifai ta kai ta injin ko ta wuce ta. A juyin 11,000 ɗin nan, bakin faifan yana tafiya kusan kilomita 240 a awa. Jirgin ƙasa na Haramain da ke kai mu Madina gudunsa 300 ne. Da na haɗa lissafin nan da ƙofar saman bene, shayin ya fita a raina.

Daga nan na gane dalilin da ya sa mutane ke cire murfi. Ramin tsakiyar faifan girmansa ɗaya ne, milimita 22.23, ko ƙarami ne ko babba. Mutum yana son ya ci ƙarfe mai kauri da ƙaramin inji, babban faifai ba zai shiga ƙarƙashin murfi ba, sai ya kwance murfin ya ɗaura na milimita 180 ko 230. To na 180 iyakarsa juyi 8,500, na 230 kuwa wajen 6,600, ga shi an ɗora su a injin da ke yin 11,000. An kai faifan inda zai fashe, an kuma kawar da abin da zai tare gutsattsarin. Ina nan zaune wani ya shigo neman faifan zarton katako mai haƙora da zai ɗaura wa saruk. Ammu ya ce babu, alhali ga su nan rataye bayansa don injinsu na asali. Mutumin ya fita yana guna-guni. Yaron ya ce haƙoran nan in suka kama ƙusa ko ƙulli a katako, injin kan dawo wa mai shi ne, ba ya ba da lokacin kaucewa.

Akwai wani laifin da nawa ne, ba na mai baza kaya ba. Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, kuma da bakinsa kawai ake aiki. Na gurza mai kauri ne, wajen milimita 6, shi ake kwantarwa a goge tsatsa ko walda. In ka goga gefen siririn a jikin ƙarfe, ragar da ke riƙe da shi kake cinyewa. Da yaron ya faɗi haka na tuna kuwa sai da na kankare tsatsar ƙafar tankin da gefen faifan nan na uku kafin in fara yanka.

Murfin da zai dace da injin abokina babu a shagon, tsohon yayi ne, sai na yanke shawarar sayen nawa. Suna da Bosch da Makita da DeWalt, da wasu masu sauƙin kuɗi waɗanda su ma da garanti. Abin da ya burge ni, Ammu bai tura ni kan mafi tsada ba. Ya tambayi abin da nake yanka, na ce zawiya, wato ƙarfe mai kwana kamar harafin L, bututu mai kusurwa huɗu, rodi jefi-jefi. Ya ce ƙaramin na milimita 115 ya ishe ni, babban na 230 ya fi ƙarfin aikina kuma ya fi ƙarfin hannun wanda ba kullum yake riƙe shi ba. Abu ɗaya ya nace a kai, makunni. Akwai na turawa mai kullewa, wanda injin ke ci gaba da gudu ko ya kuɓuce maka, in kuma wuta ta ɗauke ka manta ba ka kashe ba, wasunsu kan tashi da kansu idan ta dawo. Akwai kuma na dannewa da yatsu, kana sakin hannu wutar ta yanke. Na biyun na ɗauka, riyal 265 har da harajin kashi 15, aka ba ni fatura, wato rasit, aka buga hatimi a takardar garanti. Ya kuma tambaye ni wutar imarar. Tambaya ce mai kyau, don tsofaffin gidajen Jidda da yawa suna da soket iri biyu, na wuta mai ƙarfin volt 127 da muke kira 110 da kuma na 220, kuma tamu haka take. Injin na 220 zuwa 230 ne, na sa jan fenti a soket ɗin saman bene da ya dace da shi.

Wata tara yanzu, ba abin da zan ce da injin sai alheri ta wajen ƙarfi. Wayarsa gajeriya ce, dole sai da ƙari. Yatsu kan gaji da danne makunnin idan yanka ya yi tsawo, a makon farko har na so in mayar da shi, daga baya na saba. Yakan yi zafi in an matsa masa da rani, sai in bar shi ya yi gudu ba a kan komai ba na ɗan lokaci iska ta ratsa shi. Murfin kuma ana juya shi da hannu ba sai da sifana ba, wannan ya sa ba ni da hujjar barinsa a inda bai kamata ba.

Kafin in fita yaron ya kai ni bayan shagon inda suke da tebur, ya sa ni na ɗaura faifai a gabansa. A zare filogi tukuna. A duba faifan gaba da baya ko da tsaga. A ɗaure notin da sifanar da ta zo da injin, ba da guduma da ƙusa ba kamar yadda na ga ana yi, kuma ba a ɗaure shi kamar tayar mota. Sannan a kunna, a kawar da shi gefe daga fuska, a bar shi ya yi gudu kamar minti ɗaya. In akwai ɓoyayyar tsaga, gara ta bayyana a nan. Sai ya ɗora guntun zawiya a kan katako biyu ya ce in yanka tsakiya. Na ɗaga injin ke nan ya riƙe mini hannu. "Baba, in ka yanka a nan ina ƙarfen zai faɗa?" Zai lotsa ciki, bakin yankan ya rufe a kan faifan. Abin da ya faru da ni ke nan a saman bene. Ya jawo zawiyar ya damƙe ta yadda ɓangaren da za a yar ya fito waje yana reto, yadda in an kusa gamawa nauyinsa zai buɗe bakin yankan ya faɗi ƙasa.

Da na koma wa ƙafafun tankin, sai da na tallafe saman da katako na ɗaure shi da igiya, yadda ba nauyin da zai sauko. Na kulle ƙofar matakala da makulli, ba yaro ba babba. Hannu biyu a kan injin, murfin tsakanina da faifan, jikina a gefe ba a saitinsa ba. Ban danna ba, na bar nauyin injin yana ci da kansa. In na tsaya a tsakiyar yanka, sai na fito da faifan na kunna ya kai cikakken gudu kafin in mayar da shi, kuma ban ajiye injin a ƙasa ba sai da ya tsaya cak. Faifai biyu na riyal huɗu-huɗu suka gama sauran ƙafafun duka, da ragowa. Araha ba ta ado, amma a nan ko arahar ma babu, tunda na riyal ɗaya biyu ba su gama ƙafa ɗaya ba.

Abin da ban zaci zan fi amfani da shi ba shi ne zarton ƙarfe na hannu. Ammu ya sa mini shi cikin kaya, riyal 28, na ce ina da saruk me zan yi da zarto. Ya ce in tafi da shi, in bai yi amfani ba in dawo da shi ya ba ni kuɗina. Ban mayar ba. Tartsatsin saruk yana tafiya da nisa, yana iya kai mita goma, kuma ɗigon ƙarfe ne mai zafi. Yana cin gilashin taga ya bar masa ɗigo-ɗigon da ba sa goguwa, haka fentin mota, haka tayil. A cikin gidan mutane kuwa ga labule, ga kafet, ga tukunyar gas a kicin. Wata Hajiya a hawa na uku ta ce in rage mata tsawon ƙarfen kantar kicin, tukunyar gas tana nan ƙarƙashi. Da zarto na yi shi cikin minti biyar, ba wuta, ba ƙara, jikanta na barci a falo bai farka ba.

Da ina ƙin zarto ne saboda yana karye mini, ashe ban iya zaɓar ruwansa ba. Tsawonsa milimita 300 ne, ana bambanta shi da yawan haƙora a inci ɗaya: 18 na ƙarfe mai kauri irin rodi, 24 na aikin yau da kullum, 32 na bututu marar kauri. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su kasance a kan ƙarfen a lokaci guda. In ka sa mai manyan haƙora a siririn bututu, bakin bututun zai faɗa tsakanin haƙoran ya kakkarya su. Haƙoran su dubi gaba, don a turawa yake ci, a dawowa sai ka sassauta. A ja ruwan ya miƙe sosai a jikin mariƙin. In ka ɗan yi wa wurin tsaga da magagari kafin ka fara, ba zai zame ya hau yatsa ba. Kuma ba a gaggawa, kamar turawa ɗaya a daƙiƙa, da tsawon ruwan gaba ɗaya, a sassauta idan an kusa ƙarshe don kada hannu ya tafi ya daki bakin ƙarfen. Irin ruwan da suke sayarwa mai haɗin ƙarfe biyu ne, yana lanƙwasa ba ya karyewa farat ɗaya, riyal biyar guda. Uku na saya, ina kan na biyu. Duk wannan kuwa sai da abin damƙe ƙarfe na tebur, malzama inji Larabawa. Kafin in saye ta da ƙafa nake taka ƙarfe in yanka. Riyal 90 ta ci, na ɗaure ta a tsohon tebur a ɗakin mita.

Almakashin kwano ma na ɗauka, mai mariƙi ruwan ɗorawa wanda ke yanka miƙe, akwai mai jan mariƙi na juyawa hagu da mai koren mariƙi na dama. Yana aikinsa. Bakin kwanon da aka yanka ya fi aska, safar hannu dole ce, sai a bi shi da magagari.

Kan kayan kariya na samu saɓani da shagon, zan zo kansa. Amma shawarar da suka ba ni mai kyau ce. Tabarau mai rufe gefe a ciki, sannan garkuwar roba mai rufe fuska duka a waje, don tabarau kaɗai ba ya tare wa haɓa da wuya komai. Ammu ya kama hannun jallabiyata ya ce kada in sake in kunna saruk da wannan, ko da hirami a kafaɗa. Yadi mai reto injin kan naɗe shi, kuma yawancin jallabiyoyinmu na roba ne, tartsatsi in ya sauka narkewa suke su manne a fata. Yanzu ina da wando da riga na auduga masu kauri don wannan aikin kawai, da takalmi rufaffe maimakon silifa. Da zafin Jidda ba daɗi, gumi kan rufe tabarau, sai in tsaya in goge. Da ma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, ni kuma sai bayan La'asar nake hawa. Kunne ma sai an toshe. Ƙarar saruk ta wuce ma'aunin ƙara na desibel 85 da aka ce daga nan kunne ke fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Sai ido, ga 'yan'uwana musamman: in ɗigon ƙarfe ya shiga ya ƙi fita da wankin ruwa mai tsabta, kada a murza, kada a sa tsinke ko maganaɗisu, kada a ba wani ya lasa. Cikin awoyi yake fara tsatsa a jikin ƙwayar idon. Na san akwai waɗanda zuwa asibiti ke yi wa wuya saboda takardu, amma a nemi hanya a je a ranar. In jini ne mai yawa a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a kira motar asibiti a lamba 997.

Maƙwabcina mai tsire da ya tura ni shagon, shi ma sai da shagon ya tsare shi. Ya samo duro a wata warsha, wato wurin masu aikin hannu, yana so in raba masa biyu ya yi abin gashi. Muka je tare sayen faifai, yaron ya tambayi me duron ya ɗauka a da. Tina ce, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Yaron ya ce, "Kawu, a garinmu masu agashe, wato tsirenmu, da yawa da rabin duro suke gashi, amma ba irin wannan ba. Ko ka wanke shi, tururin yana nan a saƙo-saƙo, tartsatsi ɗaya ya ishe shi." Duron da ya ɗauki fetur ko tina ko gas ɗin mota, in an zazzage shi ya fi haɗari, don wurin da ruwan ya bari tururi da iska suka cike, su ne ke fashewa. Ban yanka ba. Daga baya ya sami wanda bakinsa buɗaɗɗe ne mai marfi da zobe, na kayan abinci, muka wanke muka raba shi a fili marfin a cire. Sun kuma ce kada ya yi ragar gashin da ƙarfe mai rufin zinki, hayaƙinsa idan ya ji wuta yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma ko yanka irinsa za a yi a yi a waje inda iska ke kaɗawa.

Shagon yana da nasa aibi. Kayansu sun fi na maƙwabtansu tsada, wani lokaci da riyal biyu ko uku a ƙaramin abu, da ashirin a babba, kuma Ammu ba ya ciniki ko kaɗan. Wurin ajiye mota babu, sai ka yi zagaye. Suna rufewa daga Azahar har La'asar, ranar Juma'a kuma sai yamma, na taɓa zuwa na tarar a rufe na koma ba komai. Safar hannun da suka sayar mini ta fata ce amma ta yi mini girma, babu ƙaramar lamba, kuma safa mai reto kusa da abu mai juyawa ita ma haɗari ce, sai a wani wuri na samo daidai hannuna. Abin toshe kunne sau biyu ina tambaya ana cewa ya ƙare, wanda bai dace da shagon da ke wa'azin kariya ba, na kuma faɗa wa Ammu haka. Garkuwar fuskar ta riyal 35 robarta ta yi dishi-dishi da ƙarce cikin wata uku, kuma ba sa ajiye robar canji, sai dai ka sayi sabuwa gaba ɗaya. Shi kansa dattijon ba shi da fara'a da baƙo, in ba yaron nan a shagon, wanda Larabcinsa bai nuna ba zai sha wuya. A je da yamma sanda yaron ke nan, a tafi da guntun ƙarfen da za a yanka ko hotonsa, da injin kansa in akwai.

Ranar farko Ammu ya rubuta lambar da ke jikin injin abokina a wani tsohon littafi, ban ɗauka da gaske yake ba. Bayan mako biyar yaron ya kira ni ya ce murfin ya iso, da mariƙin gefe, riyal 30 duka. Na biya, na kai wa abokina injinsa da su a ɗaure. Ya ce murfin zai tare masa ganin layin yanka, shi ya sa ya cire na asalin tun farko. Na kai shi bayan shagon, yaron ya sassauta notin ya juya murfin zuwa ɓangaren jikinsa, ya ba shi guntun rodi ya yanka yana ganin layinsa sarai. Ya sayi faifai biyar, sai da ya juya kowanne ya duba zoben tsakiya kafin ya biya.